Gwanda: Baƙuwar da Ta Zama 'Yar Gida

Da wuya a zaga unguwa a ƙasar Hausa ba a hango gwanda ta leƙo ta saman katanga ba, har mutum ya ɗauka tun fil'azal a nan take. Alhali mahaifarta kudancin Meziko ce da tsakiyar nahiyar Amurka. Marubucin Sifaniya Oviedo ya siffanta ta a 1526, kuma a wannan ƙarni jiragen ruwan Sifaniyawa da Fotugis suka fara yaɗa irinta zuwa Asiya da gaɓar Afirka. Da ta iso mana, sai aka ara mata sunan gwandar daji, aka kira ta gwandar gida.

Tun a ƙasarta ta asali an san cewa nama mai tauri yakan yi laushi idan aka naɗe shi da ganyenta. A ƙasashe da dama kuma an yi amfani da farin ruwan da ke tsattsafowa daga ɗanyarta wajen korar tsutsar ciki. Dalilin bai fito sarari ba sai a 1879, lokacin da Wurtz da Bouchut, masana biyu na Faransa, suka ware sinadarin da ke cikin ruwan, suka raɗa masa suna papain. Aikinsa shi ne tsinka furotin, wanda nama da fatar tsutsa duka da shi aka gina su.

Daga nan likitoci suka ƙwallafa rai. A 1964 likita Lyman Smith na Amurka ya ba da rahoton yin allurar chymopapain, ɗan'uwan papain, domin narkar da guringuntsin kashin baya da ya zame ya danne jijiya. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1982. Amma jikin wasu marasa lafiya ya ƙi maganin, wasu suka shanye, wasu suka rasu, aka daina sayar da shi a can a 2003.

Wannan tarihi ya shafi duk gidan da ke dafa ganyen gwanda domin zazzaɓi ko shawara. Sinadarin da ke narkar da nama ba ya tantance na tsutsa da na mai shan magani, shi ya sa ake gargaɗin mai juna biyu game da ɗanyar gwanda, don ruwanta na iya motsa mahaifa. Kakanni sun gano amfanin, ɗakin bincike ya gano dalilin. Abin da ya rage wa masananmu shi ne ma'auni: nawa za a sha, wa zai sha, wa kuma zai ƙaurace.