Neman Asali a Ƙasar Gwarzo, Da da Yanzu

Hausawa sun ce tushiya mafarin dawa. Ba wanda ya faɗo daga sama. Ko wane ɗa yana da uwa da uba, su ma suna da nasu, har a kai ga Annabi Adamu. Shi ya sa in baƙo ya sauka gari, tun ba a tambaye shi abin da ke tafe da shi ba, sai a ce masa, "Daga ina?" In kuwa zama ya yi daɗi har ya nemi aure, dattawa su kan tashi manzo a ɓoye ya je ya binciko asalinsa.

To, a zamanin nan Turawa sun fito da wata dabara ta neman asali wadda a ke yi da yawun baki. Suna ce da ita gwajin DNA, watau gwajin ƙwayar halitta. Labarinta ya iso har ƙauyukanmu ta rediyo da wayar hannu, waɗansu na tsammanin da ka tofa yawu a kwalba sai na'ura ta lissafo maka kakanninka da sunayensu. Nufinmu a nan mu duba yadda mutanen da su ke gane asali, da abin da gwajin nan ya iya, da inda ƙarfinsa ya ƙare.

Yadda mutanen da su ke yi

Hanya ta fari ita ce zane. Ran suna wanzami ya kan zo da askarsa ya yi wa jariri zanen gidan ubansa. Da ganin fuska an san Bagobiri, an san Babarbare, an san Bakatsine. Har cucanawan gidan Sarkin Kano suna da nasu zane, wanda a ke kira uku-uku. A zamanin hare-hare zanen nan shi ne takardar shaidar mutum, don yaron da aka sace tun yana ƙarami da shi danginsa su kan gane shi ko ya yi gemu.

Ta biyu sunan zuriya da na unguwa. In ka ji an ce Sulluɓawa, ko Yolawa, ko Agalawa, ko Sharifai, to, sunan da kansa labari ne. Maguzawa kuma ko wace zuriya tana da abin da su ke kira kan gida, watau wata dabba da ba su kashewa, ba su ci, kuma daga uba ɗa ke gadonta. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya rubuta al'adun nan nasu.

Ta uku wasa. Bafillace ba ya ganin Babarbare ya ƙyale shi, haka Bakano da Bazazzage, haka Bagobiri da Bayarabe. Ta huɗu, wadda ta fi su duka, bakin tsofaffi da kirarin maroƙa. Tsohuwa guda ta kan riƙe auratayyar gidaje goma a kanta, ta gaya maka wane ya sha nonon wance, wane kakansa daga Barno ya zo da jakuna.

Ƙasar nan mahaɗa ce

Wanda ya ke son ya fahimci asalin mutanen Madadi, da Getso, da Kutama, da Lakwaya, da Godiya, da Gammo, sai ya tuna cewa ƙasar Kano ba ta taɓa rufe ƙofa ba. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, ya nuna baƙi na shigowa zamani bayan zamani. Bisa lissafin da aka bi, Bagauda ya hau sarauta a 999. Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Malaman Fulani sun zo da littattafai zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463. Shehu Magili ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Sharifan Kano kuwa gare shi su ke danganta kansu.

Da Jihadi ya tashi a 1804, jama'ar Shehu ta Kano a yamma da birni suka yi hijira, a Kwazazzabo, yaƙin farko-farko kuwa ya taɓa Godiya da Ƙaraye kafin birni ya faɗi a 1807. Bayan wannan sai harin Maraɗawa daga arewa, da na Ningawa daga kudu, da Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895. Ko wane yaƙi ya kan watsa gidaje, ya kwashe waɗansu bayi, ya kawo waɗansu. Manyan mutane suka kafa rinji, suka zuba bayi daga ƙasashe dabam-dabam suna noma. Gwamna Lugga ya yi doka cewa duk yaron da aka haifa daga ran 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, aka kuma kashe bauta gaba ɗaya a 1936. Jikokin mutanen nan duka sun auri juna, harshensu ɗaya, sallarsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Hausa ta zama kamar babbar riga, kowa ya shiga ta rufe shi.

Yadda gwajin ya ke

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan ko wace ƙwaya akwai zare 46, rabi daga uba, rabi daga uwa. A jikin zaren nan Ubangiji ya ajiye wani irin rubutu mai haruffa huɗu kaɗai, amma an jera su wajen sau miliyan dubu uku. A 1953 Watson da Crick suka gano siffar zaren a Ingila, a 2003 kuma masana suka ba da labarin sun karance kusan dukan rubutun. Suka iske in ka ɗauki mutum biyu ko daga ina, cikin haruffa 1,000 wajen 999 iri ɗaya ne. A ɗan bambancin nan da ya rage a ke neman asali.

Gwajin iri uku ne. Akwai zare guda, mai suna Y, wanda namiji kaɗai ke da shi, yana bi daga uba zuwa ɗa kamar yadda gadon gida ke bi. Akwai wani ɗan rubutu dabam wanda kowa daga uwarsa kaɗai ya ke samu, ita ma daga tata uwar. Na uku shi ne a duba sauran zaren duka, a gwada da na mutanen da kamfani ya riga ya tara, a ce kashi kaza naka ya yi kama da na mutanen ƙasa kaza.

A nan sai mai karatu ya ɗauki alli mu yi lissafi. Mahaifanka 2, kakanni 4, iyayensu 8, nasu iyayen 16. In ka hau hawa goma, watau kamar shekara 300, gurbin kakanninka 1,024 ne. Gwajin uba yana bin mutum ɗaya tak daga cikinsu, na uwa ma ɗaya. Saura 1,022 ba su ce kome a kansu ba. Gwaji na uku ya fi faɗi, amma shi kuma ba ya kiran sunan kowa.

Abin da aka gano game da mu

A 2010 wani masani na Italiya, Fulvio Cruciani, da abokan aikinsa suka ba da labarin wata alama a zaren maza wadda suka sa wa suna R-V88. Ta yi yawa cikin masu harsunan da su ke dangin Hausa, musamman a duwatsun arewacin Kamaru, inda a wata ƙabila mai suna Uldeme fiye da tara cikin goma na mazan da aka gwada suna da ita. An same ta a jikin waɗansu Hausawa, waɗansu kuwa babu. Masanan suka kimanta masu ita sun ratso Sahara tsakanin shekara 5,600 da 9,200 da suka wuce, sa'ad da hamada ke da ciyawa da tafkuna. Wannan ba abin mamaki ba ne, don a 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Yobe, ya tono kwalekwale wanda aka auna ya kai shekara 8,000.

A 2019 kuma masana na jami'ar Upsala ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa alamar da ke sa Fulani da yawa su sha ɗanyar madara har tsufa ba ta ɓata musu ciki, iri ɗaya ce da ta Turawa, ta hanyar mutanen Afirka ta Arewa ta iso gare su tun da daɗewa.

Sai dai a lura, labarin dubban shekaru ke nan. Ya girmi Bagauda, ya girmi Bayajida, ya girmi Bagadaza kanta. Saboda haka gwajin ba zai gaya wa mutumin Madadi ko kakansa na biyar daga Katsina ya zo ko daga Damagaram ba. In takarda ta ce masa shi ɗan Nijeriya ne kashi kaza, sai ya tuna Nijeriya a 1914 aka haɗa ta. Har wa yau mutanenmu da kamfanonin nan suka gwada kaɗan ne ƙwarai, mudun da ba a cika ba kuwa ba a yanke hukunci da shi.

Waɗanda abin ya yi wa rana

Akwai mutanen da gwajin nan ya share wa hawaye, su ne baƙaƙen fata na Amurka. An ɗebi mutum wajen miliyan 12 da rabi daga Afirka aka haye teku da su, aka raba su da sunansu da harshensu. Da Hausawa a ciki, har sun shirya tawaye a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1807 da 1814. Kaɗan ne suka bar labari, kamar Muhammadu Baquaqua, mutumin Zugu, wanda uwarsa Bakatsina ce, aka buga littafinsa a Amurka a 1854. Sauran jikokinsu ba su da tsohuwar da za su tambaya.

A 2003 Rick Kittles da Gina Paige suka kafa kamfanin African Ancestry domin irin mutanen nan. A 2006 aka gaya wa Oprah Winfrey layin uwarta ya yi daidai da na ƙabilar Kpelle ta Laberiya. A 2010 Saliyo ta ba Isaiah Washington takardar zama ɗan ƙasa bayan gwaji ya danganta shi da ƙabilar Mende. A 2024 Jamhuriyar Benin ta yi doka ta ba jikokin bayi izinin zama 'yan ƙasa, gwajin nan na cikin shaidun da ta ke karɓa. Wanda ya rasa tudun dafawa, ko ɗan wannan haske babban abu ne gare shi. Mu kuwa da mu ke zaune kusa da kushewar kakanninmu, muna da abin da su ba su da shi.

Inda ya kamata a yi hattara

Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Gwajin nan ba ya san kunya, ba ya san rufin asiri. A ƙasashen da ya yawaita, mutane da dama sun aika da yawu don nishaɗi, amsa ta zo ta raba su da wanda su ke kira uba.

Shari'a ta riga ta yi wa wannan shinge. Ɗan da aka haifa cikin aure na mai aure ne, ba a kore shi sai ta hanyar li'ani. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa don ya fito baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma akwai mai ruwan toka a ciki, watakila wani gado ne na nesa ya jawo shi. Aka nuna masa ɗansa ma haka ne, ba a ba shi izinin kore shi ba. A 2002 majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke cewa ba a rushe nasabar da ta tabbata da gwajin nan, amma ana amfani da shi in jarirai suka cakuɗe a asibiti, ko yaro ya ɓata. Kada kuma a haɗa shi da gwajin jini na kafin aure, wanda Jihar Kano ta yi wa doka a 2024 don tsare 'ya'ya daga ciwon sikila da waɗansu cututtuka. Wannan maganar lafiya ce, kuma ya kamata kowa ya yi.

Sa'an nan yawun da ka aika sirrin danginka ne duka. A 2023 ɓarayin intanet suka sace bayanan mutum kusan miliyan 7 daga kamfanin 23andMe, a watan Maris 2025 kuma kamfanin ya kai kansa kotu don bashi ya yi masa yawa. Wanda kuma ya nemi gwaji don ya goranta wa maƙwabcinsa da bauta, sai ya koma ga lissafin nan na 1,024, ya gaya mana wa ya san su duka.

Aikin da ya rage gare mu

Zane yana ƙarewa, ba safai a ke yi wa yaran yanzu ba. Tsofaffi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ko wace tsohuwa ta tafi da abin da ke kanta. Dubi misalin Baba ta Karo, wadda ta tashi a wajen Zarewa, kudu da mu kaɗan. A 1949 da 1950 ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin gidansu: asalinsu na Barebari, da rinjin kakanninta, da hare-hare, da aure-aure. Ta rasu a 1951, aka buga littafin a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ita ba ta iya rubutu ba, sai da baƙuwa ta zo.

Ku kuwa Allah ya ba ku alƙalami. Ku sayi littafin rubutu guda, ku je ku gai da dattijon gidanku da goro. Ku rubuta sunan uba da kaka har inda ya tsaya, kada ku manta da gefen mata, don shi ya fi saurin ɓata. Ku rubuta garin da aka taso, da dalilin tashi, ko yunwa ce, ko yaƙi, ko fatauci, ko neman karatu. Zamanin wane Sarki ne. Wane zane, wace sana'a, wane kirari. In tsofaffi biyu suka saɓa, ku rubuta duka biyu da sunan mai faɗa. Ku duba bayan tsofaffin Alƙur'anai da littattafan malamai, wani lokaci a kan sami sunan marubuci da na ubansa. Mai hali ya je Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda a ke ajiye da takardun gundumomi na zamanin En'e.

In wata rana jikanku ya yi gwajin Turawa, takarda za ta ba shi labarin hamada da tafkin Cadi. Sunan kakansa kuwa, da rijiyar da ya haƙa, da gonar da ya sare, sai a littafinku zai same su. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gama lafiya, amin.