Tarihin Yunƙurin Samar da Mai Daga Gansakuka, 1942–2023

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin yunƙurin da masana suka yi na sauya ƙwayoyin gadon ƙananan gansakuka, watau tsiran ruwa waɗanda ido ba ya iya ganinsu ɗaya-ɗaya, domin su riƙa tara maiƙon da za a tace ya zama man inji. Za a nuna cewa farashin man fetur ne ya riƙa yanke wa wannan bincike hukunci.

2.0 Mafari

Tun a 1942 wasu Jamusawa biyu, Harder da von Witsch, suka kawo shawarar noman gansakuka saboda maiƙonta. Amma ba a ɗauki maganar da muhimmanci sosai ba sai bayan tsadar mai ta 1973. A 1978 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta kafa shirin bincike, aka tattara iri kusan 3,000, aka tankaɗe su zuwa kimanin 300, aka kuma gwada noma a tafkunan Roswell ta jihar New Mexico.

A nan aka ci karo da babbar matsala. Gansakuka ba ta cika tara maiƙo ba sai an hana ta abinci, musamman naitirojin, da zarar an hana ta kuwa sai ta daina yaɗuwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

3.0 Sauya Ƙwayoyin Gado

Don warware wannan ƙulli, masanan shirin suka ware ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin ACCase, wanda ke fara haɗa maiƙo, suka ƙara ta a jikin irin da ake kira Cyclotella cryptica. Aikin sinadarin ya ƙaru, amma maiƙo bai ƙaru ba. A 1996, lokacin da gangar mai ke wajen dala 20, aka rufe shirin bayan an kashe kimanin dala miliyan 25.

Da mai ya sake tsada, kamfanin ExxonMobil ya haɗa gwiwa da Synthetic Genomics a 2009. A 2017 masanansu suka bayyana cewa sun rage ƙarfin wata ƙwayar gado mai sarrafa sauran a irin Nannochloropsis gaditana, ta dabarar CRISPR, maiƙo ya ninka ba tare da yaɗuwa ta ragu sosai ba. Duk da haka, a farkon 2023 aka tabbatar cewa ExxonMobil ya janye.

4.0 Kammalawa

An ga cewa sau biyu ana ɗaukar aikin idan mai ya yi tsada, sau biyu kuma ana ajiye shi saboda kuɗin noma da girbi da tatsa ya rinjayi riba. Darasin da jami'o'inmu za su ɗauka shi ne, binciken da aka jingina da farashin kasuwa yakan yanke kafin ya nuna.