Kundin Matafiyi, Wasiƙa da Jarida: Gudummawarsu ga Ƙagaggen Labari da Karatun Boko



Wanda ya tashi daga Katsina ya nufi Maraɗi, in ya iso wajen Jibiya, zai tarad da shingen iyaka da ma'aikata suna rubuta masu shiga da masu fita. Ba mai ɗaukar wannan rubutu nasu a kan adabi ne. Amma kuwa dangi ne na wani irin rubutu da na ke so mu duba yau, watau rubutun yau da gobe: abin da mutum ya gani ya rubuta a ranar da ya gan shi, ko wasiƙar da ya aika gida, ko labarin garinsu da ya tura wa jarida. Ra'ayina shi ne, ƙagaggen labarin Hausa na boko ya ari siffarsa ta farko daga irin wannan rubutu, kuma da shi aka jawo talaka ga karatu.

Mu fara da kundin matafiyi, tun da wannan yanki ya daɗe yana ganin matafiya. A farkon shekarar 1851 Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya gangaro daga Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina. Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi 'yan kwanaki a kan batun gaisuwa, sa'an nan ya sake shi ya wuce Kano. Ya komo a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato da Tambutu. Al'adarsa ita ce kowace rana ya rubuta zangon da ya sauka, da kuɗin kaya a kasuwa, da sunayen unguwanni. Daga nan ne muka san yadda birnin ya ragu sabili da yaƙin da ba ya ƙarewa tsakaninsa da Katsinawan Maraɗi da Gobirawa, har fatauci ya karkata zuwa Kano. An buga littattafansa biyar a 1857 da 1858.

To, amma ga abin da ya fi jan hankalina. A cikin ayarin Barth na Tambutu akwai wani yaro Bahaushe daga wajen Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bawa sa'an nan aka 'yanta shi a Kukawa. Ya bi Barth har Ingila a 1855, inda wani malamin mishan, Schön, ya zaunar da shi ya rubuta labarinsa daga bakinsa, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Tafiya ɗaya ce, idanu biyu. Barth yana auna nisan zango, Dorugu kuwa yana faɗin yunwa da tsoro da kewar iyaye, yana kuma kallon Turawa a teburin cin abincinsu kamar yadda su ke kallonmu. Labarinsa na cikin rubutattun labarai mafi tsufa da Bahaushe ya ba da na rayuwarsa da harshensa. Daga baya ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Kada a ɗauka kundi aikin Bature ne kaɗai. Hamman Yaji, hakimin Madagali a ƙasar Adamawa, ya sa ana rubuta masa al'amuransa na kullum da Larabci daga 1912 zuwa 1927, har da hare-haren bayi da ya aika da adadin waɗanda aka kamo, ba tare da wata kunya ba. Kundi ba ya gyara mai shi. Tona shi ya ke yi. Wasiƙa ma tsohuwar aba ce a wurinmu. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun sami tarin wasiƙun sarakuna a gidan Waziri Buhari, aka fassara aka buga a 1927.

Yanzu mu zo ga 1933, shekarar da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zaga yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai don yaran makaranta su sami abin karantawa. Matsalar da ya tarar ita ce, malami ya san waƙar wa'azi da tarihi, tatsuniya kuwa a ganinsa aikin mata da yara ce da dare. Yaya za a yi dattijo ya zauna ya rubuta abin da ya san bai faru ba? Ku dubi hanyar da marubutan suka bi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin ya ke koyarwa a Midil ta Katsina, Alhaji Imam ne ke ba da labarin yawonsa na neman ruwan magani. A Ganɗoki na wansa, Bello Kagara, tsohon mayaƙi ne ke faɗin abin da ya gani tun daga zuwan Turawa. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami ne ke gaya wa almajiransa yadda aka sace shi aka keta hamada da shi. Uku daga cikin littattafai biyar da suka fito daga wannan gasa, duka matafiyi ne ya komo ya zauna yana cewa ga abin da ya same ni. Ban musa ba, sun ɗebi da yawa daga tatsuniya da littattafan Larabawa. Sai dai rigar da suka sa wa labarin ta mai ba da shaida ce, domin ita ce rigar da jama'a suka saba girmamawa a bakin alhaji da bafatake. Wanda ya karanta Shaihu Umar bayan ya karanta Dorugu zai ga yadda ƙirƙira ta tsaya kusa da gaskiya.

Imam bai bar wannan hanya ba. Da ya je Ingila a 1943 cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, littafin da ya zama abin karatu a makarantu. Malam Aminu Kano ma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama a kan tafiyarsa.

Jarida ce ta buɗe ƙofar ga kowa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu na 1939, Imam yana edita, kuma ba abin da ya ɗaure ta da masu karatu kamar filin wasiƙu. Malamin asibiti ko magatakardan hakimi ya rubuto kukan garinsu, ya ga sunansa a buge, a karanta a zaure mutum goma suna saurare. Cikin shekarun 1950, da aka tashi Yaƙi da Jahilci, wanda Bakatsine Malam Ahmadu Kumasi ya ke cikin jagororinsa, hukumar NORLA ta fitar da ƙananan jaridun larduna: Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zariya. Hikimar a fili ta ke. Magidanci da ya koyi baƙaƙe da rani, in bai sami abin karantawa ba, kafin kaka ya manta. Kuma ba don ya karanta tarihin Ingila ya shiga aji ba, sai don ya duba takardar haraji da kansa, ya rubuta wa ɗansa wasiƙa ba tare da wani ya ji asirinsa ba. Wannan wasiƙa ce ta sake ɓullowa cikin littattafan soyayya na Kano tun daga shekarun 1980, inda saurayi da budurwa ke faɗa wa takarda abin da kunya ta hana baki.

Iyakar da muka fara da ita kuwa, ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ne suka shata ta tsakanin 1906 da 1908, kuma tafintan Faransawa, Landeroin, ya rubuta tarihin sarauta daga bakin dattawan yankin, masana na komawa gare shi har yau. Tun daga nan ɗan Jibiya ya shiga makarantar Ingilishi, ɗan'uwansa na Maraɗi ya shiga ta Faransanci, har rubutun Hausarsu ya bambanta, sai da aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 don daidaita shi.

An rufe wannan iyaka daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, sa'an nan daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Kowane rufi ya taɓa kuɗin gero da shinkafa da dabba, ya raba mata da gidajen iyayensu. Ɗalibin da zai rubuta tarihin waɗannan shekaru, ko marubucin da zai gina labari a kansu, ba zai sami wani Barth ba. Abin da zai dogara a kai shi ne rajistar ma'aikatan kwastan, da rahoton hakimi, da littafin bashi na ɗan kasuwa, irin takardun da wasunku a wannan zaure ke sa wa hannu kullum, waɗanda gara ke ci a ɗakin ajiya kafin su kai gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Wasiƙun gida kuwa sun koma saƙon murya a wayar hannu, wanda kan tafi tare da wayar ranar da ta lalace.