Gyaran Kwamfutar da Hannu Ba Ya Kaiwa

A 1977 hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbon Voyager 1, ɗauke da na'urorin awo da kwamfutocin zamaninsa. A Nuwamba 2023 kwamfutar da ke haɗa bayanan awon ta fara turo shirme, domin wani guntu na ma'adanarta ya lalace. Lokacin kumbon ya yi nisan kilomita biliyan 24, saƙo kan shafe sa'o'i 22 da rabi kafin ya isa. Injiniyoyi suka tono tsofaffin takardu, suka rarraba umarnin da ke guntun zuwa lafiyayyun sassan ma'adanar. Ranar 20 ga Afrilu 2024 amsa mai ma'ana ta dawo. Mu masu rubuta manhaja a yau, wace takarda muke bar wa magadanmu?