Iyakoki uku: abin da kunne da hanci suka riƙe na tarihinmu

Taswirar da aka koya mana a lakwal layi ɗaya take ja tsakanin Nijar da Najeriya, daga wajen Gaya har Tafkin Cadi. Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Maraɗi zuwa Katsina ya san inda layin yake, don a Ɗan Isa ake tsayawa a duba takardu. Ni kuwa da nake karatun kimiyyar harshe, rabin aikina saurare ne, kuma da saurare da shinshina na ƙirga iyakoki uku a ƙasar Hausa. Kowace da shekarunta, kowace da inda ta nufa.

Wadda ta fi tsufa, hanci ne ke gane ta. Ku shiga gida lokacin da aka kaɗa miyar kuka, ku ja numfashi. A kudu, inda ruwan sama ya wadata har ɗorawa ke yin kurmi, da kalwa ake yin daddawa. Idan aka yo arewa ɗorawa sai ta yi ƙaranci, iyayenmu mata suka koma ga ƴaƴan yakuwa, suka yi daddawar batso. Warinsu ba ɗaya ba ne, wanda ya tashi da ɗaya daga ƙofar gida zai gane an sa ɗayar. Wannan iyaka ta damina ce, babu sarkin da ya shata ta, babu bature. Akwai kuma warin da bai san iyaka ba sam: na bagaruwa da jiƙaƙƙiyar fata a majema. Yadda yake a Damagaram haka yake a Kano, don a da garuruwan biyu zango ne a hanyar ayari ɗaya, wadda ke bi ta Agadas da Gat ta kai Tarabulus. A wancan zamani, fatar jar akuya da ake jemewa a nan ita ke ƙetare Sahara, Turawa su saye ta da sunan fatar Maroko.

Iyaka ta biyu ta kunne ce. Mutumin Tawa ko Ƙwanni zai ce maka «zamna», «sabka», «abduga». Bakano zai ce «zauna», «sauka», «auduga». Yara da yawa na ɗauka na farkon ne ya ɓata Hausa, alhali shi ya riƙe tsohuwar siga. Wani masani Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna tun shekarun 1920 cewa baƙaƙen leɓe irin b da m, idan suka zo ƙarshen gaɓa, sun rikiɗe sun zama u a Hausar gabas, a yamma kuwa suka tsaya yadda suke. Haka «ɗiya» da muke faɗa: ita ce uwar «ƴa» ta Kano, matse ta aka yi. Kakarka da ke cewa «ɗiyata ta tahi», tsohon kundi ne ke magana.

Abin lura, wannan iyaka tsaye take daga arewa zuwa kudu, ta gitta ta taswira kamar gicciye. Mutumin Ƙwanni da na Illela bakinsu ɗaya ko da yake katin shaidarsu daban. Bamaraɗe ya fi kusa da mutumin Jibiya a magana bisa ga ɗan ƙasarsu na Zinder, shi kuma Badamagare kunnensa ya fi sabawa da Daura da Kano. Dalilin yana cikin tarihi. Da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a 1807, sarautar Haɓe ta yi hijira arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa ta a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri. Mutanen nan sun bar birni da ganuwa a baya, amma bakinsu suka taho da shi.

Ta uku ita ce ƙarama a shekaru, ita ce kuma ta fi ƙara. A 1898 Faransa da Ingila suka zauna a Paris suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Faransawa suka tarar an bar musu hanya marar rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Zinder, suka koka, aka gyara layin a 1904 da 1906, sannan Tilho da O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Daga nan kunne ya fara jin sabon abu. Mu muka samu lakwal da mushe da kaye da bik da buro da kumandan, su suka samu furamare da biro da ofis da Di'o. Mu isansi, su fetur. Ko lissafin kuɗi ya rabu: dala, sunan da ya samo asali daga tsohuwar azurfar Mariya Tareza, a wajenmu ta zama tamma biyar, shi ya sa in mai tebur ya ce dala ashirin, kai ka san ɗari yake nufi. Jika a nan dubu ce ta sefa, jaka a can naira 200.

Hanci ma ya shaida wannan layi. Burodinmu dogo ne mai ɓawo, ƙamshin gashi yake yi da asuba, gadon Faransa. Nasu mai laushi ne a leda, ƙamshin sukari da bota. A teburin mai shayi a Maraɗi za ka tarar da su biyun gefe da gefe, ka rufe ido ma ka san wanne aka miƙo maka.

Sai dai kalmomin aro ba su yi tafiya daidai ba. Mota, tasha, likita, duk daga Ingilishi suke, kuma sun zama namu. Amma je ka Kano ka nemi isansi ka ga kallon da za a yi maka. Me ya sa ruwan ke gangarowa gefe ɗaya? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta can take bi zuwa teku, fatake da ƴan ci-rani kuma su komo da kaya da kalmomi. Can an koyar da Hausa a boko, an kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka ɗauki Kananci ya zama ma'auni. Nan kuwa Faransanci kaɗai lakwal ta sani, sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da harshen gida a Zinder. BBC ta fara Hausa a 1957, finafinan Kano suka biyo baya, yau ga waya a hannun kowa. Ko adaidaita da muke hawa, da sunanta ta zo daga Kano.

Ban ce a yi gaba da Kananci ba, ai ɗan'uwa ne, kuma shi ke haɗa mu da mai karatu a Kumasi ko Garwa. Damuwata ita ce kunya. Ina jin ɗalibai ƴan'uwana, da sun ga sabon ido sai «tahi» ta koma «tafi», wai kada a ce musu ƴan ƙauye. Yanzu kuma da kundin da aka kafa a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, tambayar ta daina zama ta hira a bakin shayi. Wace Hausa za ta shiga littafin ɗan aji ɗaya a Madawa? Idan mushe ya ja wa yaro jan bik a kan «zamna», me yaron zai ɗauka game da bakin uwarsa?

Ƙamshi ba ya shiga na'urar fotokofi, kuma dunƙulen Maggi na ta ture daddawa daga tukunya. Murya kuwa tana kamuwa. Kowannenmu yana da waya, kowannenmu yana da tsohuwa ko tsoho a gida. In an tafi hutu, a nemi izininsu a ɗauki maganarsu: yadda ake batso, yadda aka tashi daga tsohon Maraɗi bayan ambaliyar 1945, yadda gyaɗa ta mutu bayan fari da cutar 1975. A rubuta sunan gari da shekarar ɗauka. Kuma don Allah, in kun zo kwafewa a takarda, ku bar kalmomin yadda suka fito daga bakinsu, kada ku gyara musu.