Lambar da ke jikin jirgi

Yau maganar masu kallon jiragen sama za mu yi, mutanen da wasu ke ganin zaman banza suke a bakin katangar filin jirgi.

Mu fara da Ingila a 1940. Na'urar rada ta lokacin teku take fuskanta. Da zarar jirgin Jamus ya shigo cikin ƙasa, sai 'yan sa-kai na Observer Corps su bi shi da madubin hangen nesa, su buga waya su faɗi irinsa da inda ya dosa. Bayan yaƙi abin ya koma sha'awa: kowa na rubuta lambar rajistar jirgin da ya gani.

Irin wannan lambar ce ta taimaka wajen tona asirin CIA. A Janairun 2004, wani mai kallon jirage ya ɗauki hoton Boeing 737 mai lamba N313P a Palma ta ƙasar Sifaniya. Jirgin ne ya kwashi Khaled el-Masri, ɗan ƙasar Jamus, daga Masedoniya zuwa kurkukun sirri a Afganistan, bisa kuskure. A 2012 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta kama Masedoniya da laifi.

To, in za ka sayi kayan aiki, tambaya ɗaya ce: zai karanto maka lamba? Madubi mai 10x50 ya wadatar. In ya fi haka ƙarfi, rawar hannu za ta ɓata maka gani. Kyamara kuwa, zuba kuɗinka a gilashinta, 300mm zuwa sama.

Amma fa a kiyayi sansanin soja. A 2001 Girka ta kama masu kallon jirage 14 bisa zargin leƙen asiri, sai daga baya kotu ta wanke su.