Tarihin Maganin Gubar Dalma

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Gusau, wanda yake cewa: wai shin da wane irin magani aka yi jinyar yaran da gubar dalma ta kama a jihar Zamfara, kuma ina asalinsa?

To malam, asalin irin wannan magani dai a fagen yaƙi yake. A lokacin yaƙin duniya na biyu Turawan Ingila sun ji tsoron kada Jamus ta yi musu feshin wata guba mai suna Luwisait, wadda ke ɗauke da sinadarin arsenik. Saboda haka a 1940 masana a Jami'ar Oksfod, ƙarƙashin jagorancin Rudolph Peters, suka haɗa makarinta, suka sa masa suna BAL, aka kuma ɓoye sirrinsa har zuwa 1945. Daga baya likitoci suka ga ashe yana aiki a kan zaiba da dalma ma. Sai dai fa allura ce mai zafin gaske, ga wari, kuma abin mamaki a cikin man gyaɗa ake narka shi.

Yadda waɗannan magunguna ke aiki shi ne, suna shiga jini su damƙe ƙwayar ƙarfen kamar yadda ƙaguwa ke damƙar abu, sa'an nan ƙoda ta tace su tare, su fita ta fitsari. Hasali ma sunan da masana suka ba su daga kalmar Girkanci ya samo asali, mai nufin hannun ƙaguwa. A farkon shekarun 1950 aka soma amfani da wani mai suna EDTA, wanda akan sa ta jijiya. Sai kuma DMSA, na haɗiya, wanda Amurka ta amince a riƙa bai wa yara a 1991.

Wannan na ƙarshe shi ya yi rana a Zamfara. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na ta mutuwa bayan jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Da aka bincika, sai aka tarar duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje cike suke da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara wajen 400 suka rasu.

Amma a nan gizo ke saƙar: maganin ba ya amfani idan yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Dole sai an fara kwashe gurɓatacciyar ƙasar an zuba sabuwa. Shi ya sa yaran Bagega suka yi ta jira har 2013, lokacin da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, jinkirin da a ganinmu ba shi da hujja. Har ila yau dalma kan maƙale a ƙashi ta riƙa komowa cikin jini, don haka wasu yaran sai da aka yi ta maimaita musu maganin. Illar da ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa kuwa, maganin ba ya gyara ta.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.